Ka Kafa Shinge, Manhaja Ta Wuce Abinta: Inda Ake Neman Matsalar

Ka buɗe Code::Blocks, editan da ake rubuta manhaja a gina ta a cikinsa, ka danna gefen layi na 27, jan ɗigo ya fito. Ka tayar da manhajar. Baƙin allo ya buɗe, ta yi aikinta daga farko har ƙarshe ta rufe, ko kallon layi na 27 ba ta yi ba. Ƙorafi ne da ake yawan ji a ɗakunan kwamfuta lokacin TP, wato darasin aiki a aikace, daga Ngaundere zuwa Garwa da Marwa har Njamena, kuma abin da ɗalibi ke fara yi shi ne ya goge Code::Blocks ya sake saukewa. Asarar data ce kawai. Da wuya a samu laifin a jikin dibagar, wato kayan aikin da ke tsayar da manhaja don a binciki kuskurenta.

Wannan jan ɗigon shi ne menu na Turanci ke kira breakpoint, na Faransanci kuma point d'arrêt. Ni shinge zan kira shi, don aikinsa ɗaya da shingen jandarma a hanyar Garwa zuwa Marwa: mota ta iso, a tsayar da ita, a leƙa abin da ta ɗauko, a sake ta.

Sai dai furosesa ba ta san wani abu wai shi layi na 27 ba. Adireshi ta sani, lambobi irin su 0x401136. Idan aka ba kompaila, mai juya rubutunka zuwa umarnin furosesa, umarnin `-g`, yakan haɗa wata taswira da ke cewa layi kaza na fayil kaza ya zama umarnin da ke adireshi kaza, suna kaza kuma yana ajiye a wuri kaza. Taswirar nan ita ce alamomin dibaga. A wajen GCC da Clang tsarinta DWARF ne, tana zaune cikin fayil ɗin manhajar a sassa masu suna `.debug_info` da `.debug_line`. Da ka kafa shinge, GDB, dibagar da Code::Blocks ke aiki da ita, zai duba taswirar ya samo adireshin, ya ɗauke bait ɗaya da ke wurin ya adana, ya rubuta 0xCC a madadinsa, wato umarnin `int3` na x86. Furosesa na taka wannan bait ɗin sai ta tsaya, GDB ya karɓi ragama ya mayar da bait na asali.

To ka ga abu uku ne dole su zama 'yan gini ɗaya: fayil ɗin da ke gudu, taswirar, da rubutun da ke buɗe gabanka. Kusan duk wata matsalar shinge, in ka bi diddigi, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya ɓace ko ya saɓa wa sauran. Shinge yana nan daram, motar ce ta bi wata hanya.

Kafin a yi nisa, a duba abin kunyar tukuna. A Code::Blocks, F9 gini ne da gudu ba tare da dibaga ba. F8 ne ke tayar da dibaga. A Visual Studio F5 ne dibaga, Ctrl+F5 gudu ne zalla. A kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa kuma sai ka haɗa da Fn, in ba haka ba hasken allo ko ƙarar sauti kake taɓawa. Sannan Code::Blocks ba ya yin dibaga kan fayil guda da aka buɗe shi kaɗai: dole ya kasance cikin furojet, shi ya sa maɓallan menu na Debug ke zama a dushe.

Shin taswirar na nan?

Kada ka yi zato, tambayi fayil ɗin. A Linux:

`file ./hisabi`

Idan amsar ta ƙare da `with debug_info, not stripped`, alamomi na ciki. Idan `stripped` kawai ka gani, an aske su. A Windows da MinGW, wato GCC na Windows, `objdump -h hisabi.exe` zai jero sassan fayil ɗin, ka nemi `.debug_info` a cikinsu. GDB da kansa yana faɗa tun wajen buɗewa, da `No debugging symbols found`, amma saƙon yana nutsewa cikin dogon rubutun farko, ba kowa ke lura ba.

Hanyoyin da alamomi ke ɓacewa ba su da yawa. Ta farko, an sa `-g` a matakin haɗawa na ƙarshe kawai, ba a sa shi inda ake juya kowane `.c` zuwa `.o` ba. Taswira a matakin juyawa ake zana ta. Mai haɗawa tattarawa kawai yake yi, abin da ba a zana ba ba zai ƙirƙiro shi ba. A Makefile, wurin `-g` shi ne `CFLAGS` ko `CXXFLAGS`. Ta biyu, an sa `-g` daidai amma akwai `-s` a gefe yana share abin da aka zana. A Code::Blocks wannan shi ne akwatin `Strip all symbols from binary`, kuma wurare uku ake iya kunna shi: a kan target ɗin Debug, a kan furojet gaba ɗaya, da kuma can cikin Settings, Compiler, wanda ke hawa kan kowace furojet a kwamfutar. Na ukun ne mugun, musamman a kwamfutar makaranta da hannu da yawa ke taɓawa: wani ya kunna shi bara don manhajarsa ta yi ƙanƙanta, ya tafi abinsa. Ta uku ta masu CMake ce: idan ba a faɗi irin ginin ba, ba ya sa `-g` da kansa. Sai ka ce `cmake -DCMAKE_BUILD_TYPE=Debug ..`, kuma ya fi kyau a yi shi cikin sabuwar foldar gini.

Akwai dabarar da ta fi duba akwatunan menu. GCC yana rubuta umarnin da aka gina fayil da su a cikin taswirar kanta. A GDB, rubuta `list main` sannan `info source`. Layin da ya fara da `Producer is` zai nuna maka sigar kompaila da tutocin da aka ba shi. Idan ka ga `-O2` a nan, tutar da ke sa kompaila ya sake tsara manhaja don ta yi sauri, to da `-O2` aka gina, ko me menu ke nuna maka.

Sunan folda

Wannan ya fi cizon mu da muke aiki da Faransanci. Hanya irin `C:\Users\...\Génie logiciel\TP n°2\main.c` tana da wasali mai alama, tana da sarari, tana da ɗan da'irar lamba. Kompaila ya rubuta hanyar cikin taswira da tsarin haruffa ɗaya, edita ya aika wa GDB ita da wani tsarin, `é` ɗin nan bai zama `é` ɗin can ba, sai GDB ya ce `No source file named`. Daga waje ba ka ganin komai, jan ɗigo na nan. Don ka ga hirar da ake yi a bayan fage, shiga Settings, Debugger, ka kunna `Full (debug) log`, sannan ka karanta shafin Debugger da ke ƙasa. Magani ba ya buƙatar wayo: ƙirƙiri `C:\aiki\tp2`, haruffan Turanci da lambobi zalla, ba sarari, ba alama, ka kwashe furojet ɗin can, ka sake gini daga tushe. Ƙa'idar ta haɗa da ƙ, ɗ da ɓ namu. A cikin rubutun manhaja a yi amfani da su, amma a sunan folda a haƙura.

A wannan shafin na Settings ka duba hanyar `gdb.exe`. Ya kamata ya fito daga foldar MinGW ɗin da kompailanka ya fito. Kwamfutar da aka taɓa sa wa Dev-C++, aka zo aka sa Code::Blocks, aka ƙara MSYS2, tana iya samun GDB uku. Mai 32-bit ba zai iya da manhajar 64-bit ba. Tsoho kuma ba zai karanta sabuwar taswira ba: daga GCC 11, DWARF 5 ne ake fitarwa kai tsaye a mafi yawan tsare-tsare, tsohon GDB kuwa sai ya yi ƙorafin `wrong version in compilation unit header`. Ko dai ka sabunta GDB, ko ka gina da `-gdwarf-4`.

Agogon da ya koma baya

A nan zan ɗan daɗe, don littattafan waje ba su cika kula da shi ba, mu kuwa yanayinmu ya sa muna haɗuwa da shi.

Alamarsa ita ce shinge yana tsayawa, amma a wurin banza. Kibiya ta tsaya kan layin da babu komai, ko kan sharhi, ko ka danna mataki ɗaya ta tsallake layi uku. Ka ƙara `printf` amma ba ya fitowa. Ma'anar wannan ita ce rubutun da kake kallo sabo ne, fayil ɗin da ke gudu tsoho ne. Taswirar tana cewa layi na 27, amma layi na 27 na jiya take nufi.

Ta yaya gini zai ƙi sabuntawa alhali ka danna Build? Da `make` da maginin Code::Blocks duk lokaci suke kwatantawa: idan `main.c` ya fi `main.o` sabunta, a sake juyawa; in ba haka ba a bar shi. Ba sa karanta abin da ke ciki. Yanzu ɗauki kwamfutar gwanjo wadda babban batirinta ya mutu, ƙaramin batirin agogo na kan allon uwa shi ma ya ƙare. Aka ɗauke wuta, ta mutu. Da wuta ta dawo aka kunna, agogonta ya koma shekarun baya, kuma babu intanet da zai daidaita shi. Ka gyara `main.c` ka adana: ya ɗauki kwanan watan da ya wuce da shekaru. `main.o` kuwa yana ɗauke da kwanan watan jiya na gaskiya. A idon magini `main.o` ne sabo, don haka Code::Blocks zai ce `Nothing to be done`, `make` kuma ya ce komai na kan daidai, wataƙila da gargaɗin `Clock skew detected` wanda ba wanda ke karantawa. GDB yana da nasa gargaɗin, `Source file is more recent than executable`, amma a wannan halin ba zai fito ba, tunda a lissafin agogo rubutun ne tsoho.

Matakan gyara: daidaita agogo tukuna. Sannan Rebuild, ba Build ba, wato Ctrl+F11 a Code::Blocks, ko `make clean` sannan `make`. In kana shakka, goge foldar `obj` da `bin` da hannunka. Batirin kuwa a kwamfutar tebur yawanci CR2032 ne mai volt 3, masu gyaran agogo da na waya suna da shi; a tafi-da-gidanka yakan zo naɗe cikin roba da 'yar waya, sai mai gyara ya buɗe. Haka abin yake idan ana yawo da furojet a filashi, wanda muke ce wa kile, tsakanin kwamfutar gida da ta makaranta da agogonsu bai daidaita ba. Kada ka riƙa kwafar `obj` da `bin` tare da rubutunka. Rubutu kawai ake ɗauka, gini a yi shi a inda aka sauka.

Ɗan'uwan wannan matsalar shi ne Makefile ɗin da bai san fayilolin `.h` ba. Ka canja tsarin `struct` a cikin `.h`, fayil ɗaya ya sake ginuwa, ɗayan bai sake ba, dibaga ya riƙa nuna maka lambobin da ba su da kan gado. Ƙara `-MMD -MP` cikin tutoci, ka jawo fayilolin `.d` da suke haifarwa da `-include`. Masu VS Code kuma su buɗe `launch.json` su tabbata `program` yana nuni ga fayil ɗin da `tasks.json` ke fitarwa, kuma akwai `preLaunchTask`. In babu shi, F5 ba ya gina komai, tsohon fayil yake ɗaukowa.

Layin da kompaila ya haɗiye

Duba wannan:

`int jimla = 0;`
`for (int i = 1; i <= 100; i++)`
`    jimla += i;`
`printf("%d\n", jimla);`

Da `-O0`, inda kompaila ba ya sake tsara komai, shinge kan layi na uku zai tsaya sau 100. Da `-O2`, GCC yana yin lissafin tun wajen gini, ya ga amsa 5050 ce, ya miƙa wa `printf` ita kai tsaye. Zagayen ya ɓace gaba ɗaya. Shingenka ko dai ya zame zuwa layin gaba ko ya tsaya sau ɗaya, in ka tambayi `i` kuma a ce maka `<optimized out>`. Ba ɓaci ba ne, ba a taɓa ware wa `i` wurin zama ba.

Don haka ka riƙa karanta amsar da GDB ke bayarwa bayan `break`. Ka ce `break main.c:27`, ya amsa da `file main.c, line 29`, to ya gaya maka a fili cewa layi na 27 ba shi da umarni ko ɗaya. Idan `info breakpoints` ya nuna 1.1, 1.2, 1.3, ƙaramin fankshin ne aka kwafe shi cikin wuraren da ake kiransa, kowane kwafi da shingensa. Wajen neman kuskure ka gina da `-g -O0`. Akwai `-Og`, wanda ya zo da GCC 4.8, an yi shi don ya rage nauyi ba tare da ɓata dibaga ba, amma a ganina mai koyo ya tsaya kan `-O0`, don `-Og` ma yakan ɓatar da wasu sunaye. In kuwa kuskuren ba ya bayyana sai da `-O2`, wannan ma labari ne: galibi akwai ma'ajin da aka karanta ba a zuba masa komai ba, ko an wuce iyakar jeri. Gina da `-Wall -Wextra`, a Linux ka ƙara `-fsanitize=address,undefined`, sau da yawa za su nuna maka layin kafin ka buɗe dibaga.

An gina a can, ana bincike a nan

Taswira tana riƙe da cikakkiyar hanyar foldar da aka yi ginin. Abokin aikinka a Njamena ya gina a `/home/etudiant/projet`, ya turo maka, kai kuma rubutun yana `/home/aiki/projet`. Shinge da sunan fankshin zai yi aiki, amma GDB ba zai iya nuna layukan ba, zai ce babu fayil ɗin. `info source` zai nuna tsohuwar hanyar a layin `Compilation directory`. Sai ka ce:

`set substitute-path /home/etudiant/projet /home/aiki/projet`

A VS Code, `sourceFileMap` cikin `launch.json` ne ke wannan aikin. Amma ka tabbata rubutun da ke hannunka shi ne ainihin wanda aka gina da shi, in ba haka ba ka koma matsalar layin jiya.

Laburare, da kuɗin data

Idan GDB ya tambaye ka `Make breakpoint pending on future shared library load?`, abu biyu ne. Ko fankshin ɗin yana cikin `.so` ko `.dll` da ba a ɗora ba tukuna, a nan amsa `y` daidai ce, shingen zai kafu da zarar an ɗora. Ko kuma ka yi kuskuren rubuta suna, ko babu alamomi sam, a nan `y` jira ne na har abada. Bayan manhaja ta tashi, `info sharedlibrary` zai raba gardama: laburaren da ke da `Yes (*)` an ɗora shi amma ba shi da taswira.

Laburaren tsarin kwamfuta, irin su libc, da gangan ake raba su da taswirarsu don kada su yi nauyi. Ana haɗa su ta wata lamba ta musamman, Build ID, wadda `readelf -n` ke nunawa. GDB yana neman taswirar a `/usr/lib/debug/.build-id/`, haruffa biyu na farkon lambar su ne sunan folda, sauran su ne sunan fayil. A Debian da Ubuntu fakitocin da ke ƙarewa da `-dbgsym` ko `-dbg` ne ke kawo su. Tun GDB 10 kuma akwai debuginfod, mai sauko da su ta intanet da kansa. Abin sha'awa ne ga mai intanet mara iyaka. Ga mai sayen data da sefa yana haɗa kwamfuta da wayarsa, manhaja mai jingine da manyan laburare kamar Qt tana iya cinye kuɗin mako a zama ɗaya, kuma GDB ya yi tsit kamar ya maƙale alhali saukewa yake. Shawarata: sa `set debuginfod enabled off` cikin `~/.gdbinit`, ka kunna shi ranar da kake buƙatar shiga cikin laburare kuma kana kan wifi. Abin da ya sauka yana zama a `~/.cache/debuginfod_client`, ba a sake sauko da shi. Kuskuren ɗalibi, kusan kullum, cikin rubutunsa yake, ba cikin libc ba.

Kai ma kana iya raba naka haka idan za ka ba kwastoma manhaja:

`objcopy --only-keep-debug hisabi hisabi.debug`
`strip --strip-debug hisabi`
`objcopy --add-gnu-debuglink=hisabi.debug hisabi`

Ka adana `hisabi.debug` na kowace sigar da ka fitar. Sake gini daga baya ba lalle ya haifar da irinsa ba, GDB kuma yana duba CRC, lambar tantance fayil, in bai dace ba ya ƙi karɓa.

Ɓangaren Microsoft dabam yake. Kompailansu yana ajiye taswira a fayil na gefe, `.pdb`, da `/Zi` wajen juyawa da `/DEBUG` wajen haɗawa. Ana ɗaure `.exe` da `.pdb` da lambar GUID da ake sabuntawa wajen gini, don haka suna iri ɗaya bai isa ba. Idan jan ɗigo ya zama fanko da gargaɗin cewa ba a ɗora alamomi ba, tayar da dibaga, buɗe tagar Modules da Ctrl+Alt+U, danna dama kan fayil ɗinka ka zaɓi bayanin ɗora alamomi: zai jero duk inda ya nema da dalilin ƙin kowanne. Kuma a sani, GDB ba ya karanta PDB, dibagar Visual Studio ta Windows ba ta karanta DWARF na MinGW. A VS Code wannan shi ne bambancin `cppdbg` da `cppvsdbg`. Ka gina da `g++` ka zaɓi `cppvsdbg`, ba shingen da zai kama.

Biyu a gurguje. Manhajojin Linux na yanzu ba su da tsayayyen adireshi sai sun tashi, shi ya sa `break *0x1139` kafin `run` ke ƙarewa da `Cannot access memory`. Yi `starti` tukuna, za ka ga adireshin ya koma irin 0x555555555139. Idan kuma layin yana cikin ɗan da `fork()` ya haifa, wato kwafin manhajar mai gudu daban, GDB uwar yake bi, sai ka ce `set follow-fork-mode child`.

Masu haɗa ƙananan na'urori, irin masu sarrafa famfon sola a gonakin albasa, nasu shingen wani iri ne. A kan STM32F103 manhaja tana cikin filash ɗin guntun, ba a iya sauya bait ɗaya a wurin kamar yadda ake yi a RAM, don haka GDB yana amfani da shingen da aka ƙera cikin furosesar. Guda 6 ne kacal a wannan guntun, da masu gadin ma'aji (watchpoint) 4, kuma OpenOCD, manhajar da ke haɗa GDB da guntun, yana faɗin adadin da zarar ST-Link, na'urar da ake jona guntun da kwamfuta, ya haɗu. Na bakwai zai jawo `Cannot insert hardware breakpoint`. Abin da ke rikita mutane shi ne `finish`, da `next` idan zai tsallake kiran fankshin, su ma suna aron shinge ɗaya na wucin gadi. Ka cika shida, sai taku ya ƙi yiwuwa. Edita kuma yana tuna tsofaffin shingayen da ka kafa a fayilolin da ka rufe tun makon jiya, duk suna cikin lissafi. Buɗe jerin, ko ka rubuta `info breakpoints`, ka `delete` waɗanda ba ka buƙata, ka bar biyar ko ƙasa da haka.